Yadda Sharaɓata Ta Ɗaure a Hanyar Wadi Fatima

Godiya ta tabbata ga Allah. Ƙafafun da suka kai ni masallaci yau da safe su ne dai waɗanda aka taɓa zama a tsakar gidana ana shawarar a ɗora musu wuta. Yanzu ina ganin samarinmu sun fito da kekuna masu sheƙi suna tsere a hanyar Jidda, jiya ma na ga ɗaya a gefen titi ya riƙe ƙafa yana murƙususu, abokansa sun kewaye shi ba su san abin yi ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Sunana Iliyasu, amma Ilu aka sani. Mutumin ƙasar Haɗeja ne ni. Na baro gida ina saurayi, na biyo ta Cadi, na yi shekaru a Sudan ina tsinkar auduga, sannan na ƙetaro teku. A Hindawiyya, wata unguwa a Makka, na sauka, a nan kuma na zauna. Aikina na farko ɗaukar ruwa ne, garwa biyu a sanda, ina hawa da su gidajen da ke kan duwatsu. A nan na auri Asma'u, wadda muke kira Ma'u. Ita haihuwar Makka ce, Hausarta rabi Larabci, idan ranta ya ɓaci kuwa Hausar gaba ɗaya take guduwa. Mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba. A shekarar da nake ba da labarinta, farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, Ma'u tana ɗauke da cikinmu na fari.

Keken kuwa daga hannun wani Basudane na same shi, abokina Usman, da zai koma ƙasarsu. Usman dogo ne na gaske, idan zai shiga ɗakina sai ya sunkuya. Ni kuma ga ni nan, Allah bai yi mini tsawo ba. Ya dafa sirdin ya ce da irin kiran mutanensu, "Ya zol, wannan keken bai taɓa kunyata ni ba." Na karɓa yadda yake, ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Da shi na samu sabuwar sana'a. Wani dattijo Balarabe mai gona a Wadi Fatima, wani kwari can bayan gari, muna ce masa Ammi Salim, ya yarda in riƙa ɗauko masa na'ana'a da lalo da kuɓewa da lemun tsami, in kawo wa masu shayi da masu tebur na unguwarmu. Kwando biyu nake ratayawa a baya, ɗaya a gaba.

Kafin azumi jefi-jefi nake zuwa. Da azumi na ajiye keken gaba ɗaya. Ana yin sallah sai alhazai suka fara sauka, zafi ya fara tashi, masu shayi suka buɗe wuta da neman na'ana'a. Sai na koma zuwa kullum, kayan ma na ƙara. Daga hutun wata guda na faɗa wannan aiki kai tsaye.

Ranar da abin ya fara, ina dawowa ne da hantsi, rana ta riga ta yi ƙarfi. Akwai wani hawa kafin a hango gari. Na miƙe a kan feda ina dannawa, sai na ji sharaɓata ta dama, wato naman nan na bayan ƙwauri, ta dunƙule kamar an cusa mini dutse a ciki. Yatsun ƙafata suka lanƙwashe ƙasa da kansu. Ban san lokacin da na saki kan keken ba. Na faɗi gefe, keken ya faɗi gefe, lemun tsami ya bazu a kan kwalta yana gangarawa kamar ya daɗe yana neman hanyar gudu. Ina kwance ina salati, ina kallon awakin wani makiyayi sun zo sun kafa kai a kwandon na'ana'a.

Wani direban babbar mota ya tsaya, ya sauko da gudu riƙe da takalminsa a hannu.

"Kunama ce? Maciji? Ina yake?"

"Ban ga komai ba," na ce masa. "Daga ciki ya cije ni."

Ya juya ƙafar, ya duba ko'ina, babu shaidar cizo. Ya taɓa wurin ya ji shi tauri kamar gwiwa, ya ja baya yana ta'awizi. Can sai naman ya saki da kansa, ya bar mini tsami. Direban ya taya ni tsince abin da ya rage na lemo, ya ɗora ni da keken a bayan mota har bakin unguwa. Ban san sunansa ba har yau, amma ban daina sa shi a addu'a ba.

Ma'u ta ɗumama man zaitun ta murza mini, ta ce gajiya ce. Ni ma na yarda. Na kwana, na tashi, na koma hanya. Aka yi kwana biyu lafiya, sai ya dawo, wannan karon a ƙafar hagu. Daga nan abin ya zama ba shi da ranar zuwa. Ya kama ni a hanya, ya kama ni ina ƙailula, na tashi da ihu har maƙwabta suka leƙo. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na masallaci. Muna zaman tahiya a sallar la'asar, gari shiru, sai na ji ya fara motsi. Na danne, na danne, liman bai kai ga sallama ba na ce "Wayyo Allah!" da Hausa tsantsa. Bayan sallah wani Bayamane da ke kusa da ni ya dafa ni ya ce bai taɓa ganin mai tsoron Allah irina ba.

A mako na biyu labari ya kai unguwar Shisha, inda surukata Hajiya Talle take zaune a gidan babban ɗanta. Ma'u ita ce autarta, ba ta haɗa ta da kowa. Ta iso da ƙullin magunguna da wasu 'yan'uwa biyu, aka shimfiɗa tabarma, aka sa ƙafata a tsakiya kamar wadda ta yi laifi. Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta da. Ba ta kiran sunana, ba na haɗa ido da ita. Idan za ta yi mini magana sai ta fuskanci Ma'u.

"Ki gaya masa sanyi ne. Na ɗaukar ruwan nan da ya yi shekaru yana yi, shi ne ya taru ya sauko."

Ɗaya daga cikin 'yan'uwan ya ce ba sanyi ba ne, iska ce, wadin nan ba a rasa mutanen ɓoye, na taka wani abu. Ɗayan ya ce baki ne, mutum daga ɗaukar garwa sai ga shi a kan keke, dole a yi magana. Kowa ya kawo nasa. Aka kira wanzami ya kafa mini ƙaho a sharaɓa biyu. Aka yi mini hayaƙi har idona ya yi ja. Na sha wani jiƙo mai ɗaci da har yanzu idan na tuna sai yawu ya taru a bakina. Duk na gode musu, don ƙauna ce ta kawo su, kuma babu wanda ya zo hannu sake. Amma akwai shawara ɗaya da ta cuce ni. Suka haɗu a kan cewa shan ruwa cikin zafin gudu yana kashe gwiwa, in daina sha sai na iso gida jikina ya huce. Dama ba wani ruwan kirki nake sha a hanya ba, shayi ne kofi biyu a gona. Sai na daina har ɗan kurɓin da nake yi.

Abin ya ƙaru. Wata rana sau uku ya kayar da ni kafin in iso, na'ana'ar ta yi laushi a rana, masu shayi suka karɓa suna ɓata fuska. Dole na ajiye keken. Ammi Salim ya aiko wani direba ya ce a gaishe ni, a kuma gaya mini zai jira ni iya abin da zai iya, amma ganye ba ya jira a gona, kuma akwai masu neman wurin.

Wannan lokacin shi ne mai wuya. Tukunyarmu ta rage nauyi. Ma'u, da cikinta ya riga ya yi girma, ta koma suyar gyada a yashi tana sayarwa a bakin ƙofa. Ina kwance ina jin ƙarar cokalinta a kasko, ina tuna wani mutum da muka yi aikin auduga tare a Sudan. Shi ma da ciwon ƙafa ya fara, kafin shekara ta zagayo ƙafafun sun shanye, da hannu yake tafiya. Sai in kalli nawa in ce shi ke nan, yaron da muka daɗe muna roƙo zai zo ya tarar da ubansa yana jan jiki. Ban faɗa wa kowa ba. Ma'u dai ta gane, don wata rana ta ajiye cokalin ta ce, "Malam, wallahi idan ka ƙara kallon ƙafar nan haka zan rufe ta da buhu."

Sai Hajiya ta dawo da magana ta ƙarshe. Akwai wani tsoho a bayan gari da ke yin lalas, ya sa ƙarfe a wuta ya ɗora a wurin ciwo, an ce hannunsa yana da kyau. Har an yi magana da shi. Ni na riga na sallama, da an ce a yanke ƙafar a sake dasa ta ma zan yarda. Ma'u ce ta tashi tsaye. Ta fara da Hausa, ta ƙare da Larabci, abin da na tsinta shi ne babu mai ɗora wa mijinta wuta sai likita ya gani da idonsa. Hajiya ta ce, "To, 'yar gidan likita. A je."

Zuwanmu asibiti na farko bai yi daɗi ba, gaskiya. Tun bayan sallar asuba muke layi, ga alhazai da zafi ya buge ana ta shigowa da su a kan kafaɗa. Sai da azahar ta kusa aka kira ni. Likitan saurayi ne, idonsa ya faɗa don gajiya. Ban gama bayani ba ya rubuta ƙwayoyi da man shafawa, ya ce na gaba. Ko ƙafar bai taɓa ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, na ga abin da ke bayana a layi, amma na fito raina a jagule. Ƙwayoyin sun rage tsamin. Ina gwada hawa keke zuwa bakin unguwa, abu ya dawo.

Ma'u ta ce mu koma. Na ce a'a. Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa. Muka koma. Ni na turo keken ina dogara shi kamar sanda, na jingine shi a bakin ƙofar asibitin.

Wannan karon wani muka samu, Bamisire, mai ƙiba da sanƙo, yana magana da sauri kamar ana binsa. Larabcina na kasuwa bai kama nasa ba, sai aka shigo da Ma'u ta yi mana tafinta. Ya sa na kwanta. Ya matsa sharaɓar, ya gwada kaurin ta dama da ta hagu, ya ɗora yatsa a bayan ƙafata yana sauraron bugun jini, ya buga mini ɗan guduma a gwiwa ƙafar ta yi tsalle. Ya sa na yi tafiya a kan yatsu, na dawo a kan dunduniya. Da ya ga tabon ƙaho ya ɗaga gira.

"Shaddi," ya ce. Kalmar nan ta zauna mini har yau.

"Ya ce ɗaurewar nama ce kawai," in ji Ma'u. "Ya ce ba shanyewa ba ce. Ƙafarka lafiyarta ƙalau."

Na ce ta sake tambayarsa. Ta sake. Ya yi dariya ya ce ƙafar da ta yi shekaru tana hawa duwatsun Makka da garwa biyu ta fi tasa lafiya.

Sannan ya shiga tambaya. Me nake yi, ina nake zuwa, tun yaushe, me nake ci, me nake sha. Da Ma'u ta gaya masa zancen hana shan ruwa, ya dafe sanƙonsa da hannu biyu. Ya jawo rigata ta baya ya nuna mana wani farin zane da ya bushe a kafaɗa.

"Ya ce ka ga wannan? Gishirin jikinka ne gumi ya fitar. Ka zubar da ruwa, ka zubar da gishiri, ba ka mayar ba, ga nama ya gaji da aikin da bai saba ba. Ya ce ko jaki aka yi wa haka zai zauna a hanya."

Na ɗauka an gama. Sai ya ce ina keken. Na ce yana waje. Ya miƙe ya fita, mu muna binsa, rabin layin ma suka biyo mu don su ga abin da ya fitar da likita rana tsaka. Ya ce in hau. Na hau, mai gadi ya riƙe mini. Ya ce in juya feda a hankali. Da fedar ta kai ƙasa ya ce in tsaya. Ya tsuguna, da ƙibarsa da komai, ya nuna wa jama'a ƙafata. Ashe da kan yatsu kawai nake taɓo fedar, dunduniyata a sama, ƙuguna ya karkace gefe. Haka nake tafiya zuwa Wadi Fatima in dawo, kamar mai leƙen katanga.

"Yana tambaya," in ji Ma'u tana danne dariya da mayafi, "wai keken na raƙumin dawa ne ka aro?"

Aka kwashe da dariya, har da marasa lafiya. Ya aika aka karɓo sifana wurin direban motar asibiti, ya sassauta sirdin da hannunsa, ya sauke shi. Ya sa na hau na sauka har sai da ya ga gwiwata tana ɗan lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa, tafin ƙafata kuma ya zauna daidai. Ya ce da faɗin ƙafa ake dannawa, wurin da yatsu suka fara, kada in riƙa tsira yatsu ƙasa. Ashe shi ma a kan keke ya yi karatunsa a ƙasarsu. Yana gama faɗa sai ya kasa haƙuri, ya karɓi keken ya haye, ya zagaya harabar asibitin farar rigarsa tana tashi a baya, yana kaɗa ƙararrawa. Wata tsohuwa 'yar Jawa da aka kawo a kan kujera har tafi ta yi masa.

Kafin mu tafi ya kai ni jikin bango. Ya sa na dafa da hannu biyu, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya a miƙe, dunduniya a ƙasa, in tura har in ji naman yana ja. In yi kafin in hau, in yi bayan na sauka. Idan kuma ya kama ni, kada in lanƙwashe ƙafar, in miƙe ta in jawo yatsun zuwa wajen ƙwauri, in riƙe har ya saki. Ya nuna wa Ma'u yadda za ta yi mini. Ya ƙara da gargaɗi ɗaya, fuskarsa babu wasa: idan na ga sharaɓa ta kumbura, ta yi zafi ko ja, ciwon kuma ya ƙi tafiya, wannan wani abu ne daban, kada a murza, a zo asibiti a ranar.

Daga nan jinyata ta koma hannun Ma'u, kuma ban taɓa ganin shugaba mai tsanani irinta ba. Ta samo salka ta ɗaure a jikin keken. Idan na dawo sai ta ɗaga ta ta jijjiga, idan ta ji nauyi sai na yi bayani. Da safe nono da ɗan gishiri, a aljihu dabino, idan an samu ayaba a haɗa. Da na dawo ruwan lemun tsami, shi ma da ɗan gishiri. Ba ta bar ni na koma wadi kai tsaye ba. Kwanakin farko bakin gari kawai nake zuwa in juyo, sannan rabin hanya ba kaya, sannan da kwando ɗaya. Na yi ta ƙorafi cewa za a ba wani wurina. Ta ce a ba shi.

Turin bango kuwa ya zame wa unguwa abin kallo. Duk wanda ya wuce sai ya tofa. Mai gidan da muke haya ya tsaya ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ya Ilu, idan ɗakin ya yi muku kaɗan ka faɗa mini, ba sai ka matsar da shi ba."

Ranar da na isa gona da ƙafata, Ammi Salim yana cikin lalo. Ya hango ni ya yar da lauje. Ashe bai ba kowa wurin ba, ɗan'uwansa ne yake ta kai kayan a jaki yana mita. Ya fasa kankana muka ci a gindin dabino. Na canza tsari: ina idar da asuba nake kama hanya, in dawo kafin rana ta yi ƙarfi, in tsaya a wata rumfar shayi a tsakiya in sha ruwa in miƙe ƙafa. Mako ya wuce, wani ya bi, shiru. Hajiya Talle ta zo ta ga ina tafiya garau, ta fuskanci Ma'u ta ce, "Dama na san ƙahon nan sai a hankali yake aiki." Na ce gaskiya ne. Ma'u ta shige ɗaki da sauri.

Sau ɗaya ya sake kama ni a shekarar, kuma ga yadda aka yi.

Ranar da alhazai suke fita Mina, da hantsi, naƙuda ta kama Ma'u. A lissafin mata da saura, shi ya sa Hajiya tana can Shisha tana suyar masa, don a kwanakin nan ne take cinikin shekara. Matan maƙwabta suka shigo suka kore ni waje. Ta cikin ƙofa na ji Ma'u tana cewa, "Ummi! A kira mini Ummi!" Na fita titi, babu tasi ko ɗaya, duk abin da ke da taya an ɗora masa alhazai. Na koma na fizgi keken. Ban tura bango ba, ban duba salka ba, ashe babu komai a cikinta.

Daga Hindawiyya zuwa Shisha sai ka ratsa gari gaba ɗaya. Na bi lunguna, na kutsa tsakanin motoci da raƙuma da mutane cikin fararen harami suna talbiya. Na iske Hajiya a gaban tanda. Ban gaishe ta ba ma, karo na farko a rayuwata. Na ce, "Hajiya, Ma'u ce." Ta saki cokali, ta kalli titi, ta ga babu mota mai komawa gari. Ta kalli keken, ta kalli sama. Sannan ta gyara mayafi, ta zauna a karkace a kan kariyar bayan keken, ta riƙe ƙarfen sirdi da hannu biyu don kada ta taɓa ni.

"Ki gaya..." ta fara, sai ta tuna babu Ma'u a wurin. "A tafi a hankali," ta ce wa iska.

Ban tafi a hankali ba. Kowa yana fita, mu muna shiga, rana ta take, Hajiya kuma ba ƙaramar mace ba ce. Wajen Ma'abda na ji ta hagu ta fara motsi. Kafin in taka birki ta ɗaure tam. Na samu na sauke ƙafa ɗaya, Hajiya ta diro tana salati. Babu bango kusa, sai wata doguwar motar alhazai da cunkoso ya tsayar. Na dafa bayanta da hannu biyu, na miƙe ƙafa, na shiga turawa.

Sai na ji murya daga taga, da Hausar Sakkwato: "Bawan Allah, sannu da ƙoƙari! Ba lalacewa ta yi ba, hanya ta a cike!"

Mutanenmu ne cike da motar. Ina son in yi dariya, ciwo ya hana. Hajiya ta ɗaga kai ta ce musu, "Ku ba shi ruwa, ƙafarsa ce. Matarsa na kan gwiwa." Nan take butoci suka fito ta kowace taga. Wani ya miƙo dabino, wata tsohuwa ta shiga addu'a da ƙarfi, motar gaba ɗaya tana amsawa da amin. Na sha, amma naman bai saki ba. Sai Hajiya ta ajiye kunyar shekaru a gefen titi.

"Zauna, ɗana," ta ce. "Kawo ƙafar. Na ga yadda take yi maka."

Na zauna a kan kwalta. Ta kama dunduniyata da hannu ɗaya, ta tura yatsun zuwa ƙwauri da ɗayan, hannun nan nata mai ƙarfi na tuƙin tuwo. Ta riƙe. Na ji dutsen yana narkewa a hankali har ya tafi. Na miƙe, na taka, na sake takawa. Alhazai suka yi kabbara. Muka hau, wannan karon ta riƙe rigata, kuma na tafi a hankalin da ta ce tun farko.

Muna shiga lungunmu na ji guɗa. Ashe an riga mu. Hajiya ta diro tun keken bai tsaya ba, ta shige. Ni na zauna a dakalin ƙofa, maza suna ta zuwa suna ce mini mabruk, wato barka, ban ma san me aka samu ba. Na tambayi wata maƙwabciya da ta fito da ƙwarya, ta ce uwa lafiya, mace ce.

To, ku masu hawan keke, abin da na sani ke nan, kuma da jikina na koye shi. Ku daidaita sirdi da tsawonku, ba da tsawon wanda ya sayar muku ba. Kada ku tashi daga hutu ku faɗa doguwar hanya. Ku sha ruwa tun ƙishi bai kama ku ba, idan gumi ya yi yawa ku mayar da gishiri, kuma kada ku ji kunyar tura bango. Idan abu ya ƙi, a je asibiti, ko da sai an koma sau biyu. Allah ya saka wa likitan nan da alheri, ya jiƙan Hajiya Talle, ya ba duk mai jinya irin haƙurin Ma'u.

An daɗe kafin a kira ni ciki. Hajiya ce ta fito daga ɗaki da jaririyar a naɗe cikin zane, ta miƙo mini don in yi mata kiran sallah a kunne. Wannan karon ba ta nemi wanda za ta fuskanta ba, ni ta kalla.

"Ungo 'yarka," ta ce. "Na duba ƙafafun. Lafiyarsu ƙalau."